Idan kyamara mai ma'aunin nisa ta yi nauyi ko ta sandare: yadda za ka bi diddigin matsalar daga ƙauye

Ranar hawan ƙaramar sallah ce, a wani gari na ƙasar Gumel. Na samu wuri mai kyau tun da hantsi, gefen ƙofar gidan hakimi, rana tana bayana. Da aka zo jahi, rukunin farko na mahaya suka sako dawaki a guje, na ɗauki hoto huɗu a jere. Rukuni na biyu ya taso, wanda a cikinsa akwai yaron da mahaifinsa ya ɗauko ni aikin. Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Jar fitilar bayan kyamara, mai nuna ana rubuta hoto a kati, tana ta ƙifce, ta ƙi tsayawa. Kafin ta saki, yaron ya ja linzami, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya juya. Da yamma mahaifin ya ce mini, "Malam mai hoto, ina fata ka kamo mana shi." Ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba.

Sati guda na yi ina zargin kyamarar. Ashe katin memori ne, wanda na saya a teburin wani mai kayan waya ana jibi sallah, na jabu. Tun daga lokacin na koyi bin matsala daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada, domin mu da ke nan mai gyaran irin wannan kyamara ba a kusa yake ba.

Wace kyamara ake nufi

Masu sana'a suna ce mata renjifainda. Ba ta da madubin da ke ɗagawa a ciki, kuma ba ta saita fokas da kanta. In ka leƙa tagarta za ka ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya, abin da kake kallo ya rabu biyu a cikinsa. Kana juya zoben lensi, siffofin biyu suna matsowa, in sun haɗe sun zama ɗaya, fokas ya zauna. Ta farko da ta fito a tsarin dijital ita ce Epson R-D1 a 2004. Daga nan kamfanin Leica na Jamus ya fito da M8 a 2006, M9 a 2009, sai M mai lamba 240 da ta shiga kasuwa a 2013, M10 a 2017, M11 a 2022. Akwai kuma Pixii ta Faransa. Su Fujifilm X100 da X-Pro kama kawai suka yi da ita a ido, amma su suna da fokas na kansu, don haka rabin abin da zan faɗa bai shafe su ba.

Mafi yawan wadda za ta iso hannun ɗayanmu ta hannu ce, ta shekara goma ko fiye. A kan wannan na gina bayanin.

Kafin ka taɓa komai, tsaya ka tantance me take yi. Jinkirin farkawa daban, jinkiri bayan ka ɗauki hotuna a jere daban, sandarewa gaba ɗaya daban, hoto ya fito dishi-dishi alhali ka haɗe siffofi shi ma daban. Mutane suna tattara su duka su ce "ta lalace", kuma wannan ne ke sa a kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba.

Fara da katin memori

A cikin kyamara akwai wani ɗan ma'aji da hoto ke fara sauka kafin ya wuce kati. Ka ɗauke shi kamar zaure: baƙi suna shigowa su jira a yi musu iso. In ƙofar cikin gida ƙarama ce, zaure zai cika, na waje kuma ba su da wurin shiga. M9 tana ɗaukar hoto biyu a daƙiƙa, zaurenta kuma hoto bakwai zuwa takwas yake ci, daga nan sai ka jira. Wannan halittarta ce. Amma in tun a hoto na uku ko na huɗu ta tsaya, ko jar fitila ta daɗe tana ƙifce bayan hoto ɗaya tak, to kati ne abin tuhuma na farko.

Ga yadda nake yi. Na farko, ina kwashe hotunan kaf zuwa kwamfuta, in tabbatar sun buɗe. Sannan in gwada gaskiyar katin: a cika shi maƙil da fayiloli, a sake karanto su. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ke yin wannan aikin a kwamfuta mai Windows. Katin jabu yakan rubuta gigabait 32 a jikinsa alhali cikinsa bai kai rabin haka ba, kuma ba zai tona kansa ba sai ranar da ka wuce iyakarsa ta gaskiya, ranar da aiki ya fi yawa ke nan. In ya ci jarrabawa, sai in yi masa fomatin, wato in share shi kaf ya koma sabo, a cikin kyamarar kanta, ba a waya ba. Kada ka riƙa goge hotuna ɗaya-ɗaya a kyamara har kati ya shekara bai ga fomatin ba, kuma kada ka cire kati daga wata kyamara ka zura a wannan kai tsaye.

Ga M8 da M9, ka tsaya a kan kati nau'in SDHC wanda bai wuce gigabait 32 ba. Ni na fi son 8 ko 16, guda uku ko huɗu. Babban kati mai tsananin gudu ba zai ƙara wa tsohuwar kyamara komai ba, domin ita kanta ba ta iya rubutu da wannan gudun, wani lokaci ma shi ke sa ta daɗe kafin ta tashi. Sannan in kati ɗaya ya mutu a tsakiyar biki, kamu kaɗai ka rasa, ba har da ɗaurin aure da kai amarya ba.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: kashe kyamara, kunna, ka ƙirga daƙiƙa nawa kafin ta yarda ta ɗauka. Canja kati ka maimaita. In ka ga bambanci a fili, ka sami amsarka.

Sai batir

Batirin da ya tsufa yana yaudara. Zai nuna maka rabi, ka danna, labulen kyamara, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga in an danna, ya ja wuta, ƙarfin ya faɗi nan take, kyamara ta mutu ko ta maƙale a tsakiyar rubutu. Batiran da ba na asali ba sun fi yin haka a M8 da M9, inda ma'aunin cajin ke iya nuna abin da ba shi ba. Ka sa wa kowane batir lamba da alƙalami. Duk ranar da kyamara ta yi wani abu, rubuta lambar batirin da ta katin. Cikin wata guda za ka ga ko wani ɗaya ne ke maimaituwa.

Duba bakin batir da ƴan ƙarafan da yake taɓawa a ciki. Ƙurar hunturu da gumin hannu suna yin wani dattin da ido ba ya gani sosai. Busasshen ƙyalle mai tsabta ya isa.

Batun caji shi ne namu na musamman. Yawancinmu wurin mai cajin waya muke kaiwa, inda janareta ke hawa yana sauka, a zare maka caja a sa ta wani kafin batir ya cika. Ni na daina. Cajojin asali na M9, da 240, da M10 suna zuwa da igiyar mota ta bolt 12, kuma wannan igiyar tana aiki da batirin sola na gida in an haɗa mata soket ɗin da ya dace. M11 kuwa ana cajinta ta USB-C, fawa banki ya wadatar. Mai M10 ya sani cewa batirinta ya fi na 240 ƙanƙanta, saboda an rage kaurin jikin kyamarar. Kada ya fita wunin hawa da ƙasa da uku.

Wani ƙaramin abu da ke ruɗa sabon shiga: daga M8 har M10, marfin ƙasa ne ake cirewa a kai ga batir da kati. In bai koma ya kulle daidai ba, kyamara za ta yi gargaɗi ta ƙi aiki. Ka duba shi kafin hankalinka ya tashi.

Hana ta barci a lokacin da ba na barci ba

Yawancin hotunan da ake rasawa, barci ne ya ci su. Kyamara tana kashe kanta bayan minti biyu ko biyar don tattalin batir, farkawarta kuma kan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. A ɗakin hoto wannan ba komai ba ne. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis, lokacin da dillali da mai raƙumi suka tafa hannu ciniki ya faɗa, daƙiƙa biyu ta yi yawa.

Shiga jerin saituna ka mayar da lokacin da take kashe kanta zuwa minti goma, ko ka cire shi ɗungurungum in kana da batir na ajiya. Ka saba da taɓa maɓallin ɗauka kaɗan tun kyamara tana ƙirjinka, kafin ka kai ta ido. Kafin ta iso fuskarka ta riga ta farka. Wannan ɗabi'ar ta fi kowane saiti amfani, kuma sati biyu ya isa ta zauna a yatsa.

Kashe nuna hoto a allon baya bayan kowace ɗauka. In kana da M9, a nau'in fayil ɗin hoto zaɓi DNG kaɗai, wato ɗanyen hoto, domin haɗa shi da JPG yana ƙara mata aiki ya ƙara jira. Daga 240 zuwa sama yawancinsu suna da kallon kai-tsaye ta allo, wato ka ga abin da lensi ke gani a allon baya. Yana da amfaninsa, amma a yanayin ɗauka yana sa labule ya rufe ya sake buɗewa kafin hoto, yana shan batir, yana ɗumama kyamara. A wurin dawaki ka bar shi a kashe. M11 ita tana auna haske da farantin ɗaukar hoton kansa, shi ya sa da ka kunna za ka ji labule ya buɗe. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Haɗin waya ta iska shi ma ka kashe shi sai za ka tura hoto.

In ka ɗauki hoton dare mai tsawon ƴan daƙiƙoƙi, misali masallaci a daren tahajjud, za ka ga kyamara ta yi shiru na tsawon lokaci daidai da wanda ta ɗauka. Hoto na biyu take yi a rufe don ta cire ɗigon hayaniya daga na farko. Ka ƙyale ta ta gama.

In ta sandare gaba ɗaya

An sha ba da rahoton sandarewa a 240, haka ma a M11 a farkon fitowarta, kuma kamfanin ya yi ta fitar da sabuwar manhajar ciki don rage abin. In ta same ka a fili, dubi jar fitila tukuna. Muddin tana ƙifce, kada ka buɗe marfi, kada ka zare batir, domin hotunan da ke zaure ba su shiga ba tukuna. Ka ba ta minti guda cur. In ta ƙi, kashe makunni. In ta ƙi mutuwa, sai ka zare batir, ka ƙirga goma, ka sa wani batirin daban da wani katin daban. Wancan katin ka ajiye shi a aljihu na dabam, kada ka sake rubuta komai a kansa sai ka je gida ka ga abin da za a iya cetowa.

Sabunta manhajar ciki kuwa a gida ake yi, da batir cike da kati mai sabon fomatin, fayil ɗin kuma daga shafin kamfanin kansa. In sabis ɗin intanet ɗinku yana yankewa, duba girman fayil ɗin ya yi daidai da wanda aka rubuta kafin ka sa a kati. Kada ka yi wannan aikin a daren jajibirin biki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'aunin nisan kansa, da abin da babur ke yi masa

Nan ne nake so ka fi natsuwa, domin wannan matsalar ba ta ƙara, ba ta kunna fitila. Sai ka dawo gida ka ga idon amarya dishi-dishi, ɗan kunnenta kuma tar.

Cire lensi ka leƙa bakin kyamara ta sama. Za ka ga wata ƴar ƙaramar taya a kan hannu. Ita ce ke bin gangaren ƙarfen da ke bayan lensi, tana motsa gilasan da ke kawo siffa ta biyu cikin taga. Aikin ƙarfe ne zalla irin na agogon hannu, babu lantarki a ciki. Gocewar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta ɓata fokas in ka buɗe lensi sosai. Faɗuwa tana goce shi, wannan kowa ya sani. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne girgiza. Ni da kaina na ɗaure jakata a kariyar babur, muka bi hanyar burji mai gargada ta kusan awa guda zuwa wani ƙauye a gefen Ringim, na yi haka sau da dama a kaka ɗaya. A hankali hotunan kusa suka fara gudu baya. Yanzu in zan hau babur, jakar tana rataye a jikina, a kan cinya, jiki yana shanye girgizar. A mota ma ba na ajiye ta a ƙasa ko a but.

Gwajin nesa shi ne na farko. Nemi abu mai nisan gaske: wata da daddare, ko dogon ƙarfen sabis na garin da ke gaba. Juya lensi har ƙarshe, zuwa alamar nesa. Siffofin biyu su haɗe cif. In ɗaya ta tsaya kafin ta iso, ko ta wuce, saitin kwance ya goce. In kuwa ɗaya tana ɗan sama da ɗaya, na tsaye ne ya goce. Wannan na biyun ba ya ɓata nisa kai tsaye, amma yana hana ido ganin lokacin da suka haɗe, sai ka riƙa jinkiri kana kai da komo.

Gwajin kusa yana son haƙuri. Samu tef ɗin awo na tela ko na kafinta, ka shimfiɗa shi a karkace a kan benci, yana tafiya nesa da kai. Soka allura ko ashana a kan lamba ɗaya. Kafa kyamara a kan abin da ba ya motsi, kamar mita ɗaya daga allurar, ka buɗe ƙofar hasken lensi har ƙarshe. Saita a kan allura ka ɗauka. Ɓata fokas ɗin, sake saitawa ka ɗauka, sau biyar, wani lokaci ka taho daga nesa, wani daga kusa. Duba su a kwamfuta, domin allon bayan M8 da M9 bai isa ya nuna maka gaskiya ba. In kaifin kullum yana sauka gaban allura ko bayanta, akwai gocewa. Sai ka maimaita da wani lensi. Duka biyun suka kauce gefe guda, jikin kyamara ne. Ɗaya kaɗai ya kauce, lensin ne. Mai 240 ko sama da ita ya huta, sai ya kwatanta abin da taga ta ce da abin da kallon kai-tsaye ya nuna.

Kafin ka yanke hukunci, goge ƴar ƙaramar tagar gaba da ke kawo siffa ta biyu. Yatsa yana yawan sauka a kanta, maiƙo ya dusashe filin tsakiya. Ka kuma tuhumi idonka. Wani dattijo da na koyi aiki a hannunsa ya taɓa kawo mini tasa yana cewa ta goce. Na gwada na ga lafiya lau. Na ce, "Baba, ko dai a gwada da tabaranka?" Da ya sa, magana ta ƙare. Akwai ƙaramin gilashin gyaran gani da ake ɗaurawa a bakin taga don irin haka.

Za ka ji ana cewa ana gyara saitin nesa da makullin alan, ɗan ƙarfen kwance noti mai kusurwa shida, mai milimita 2 a jikin tayar nan. Gaskiya ne. Amma juyin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, kuma gyara nesa yana iya taɓa kusa. In ba ka taɓa gani an yi ba, kada kyamarar da kake ci da ita ta zama ta koyo.

Kafin ka samu mai gyara, ga mafita. Da lensi mai milimita 35, rufe ƙofar haske zuwa 8, ka sa nisa a mita 5. Daga kusan mita biyu da rabi har iyakar gani zai fito da kaifi mai gamsarwa. A rana tsaka, da saitin karɓar haske, wato ISO, a 200, gudun labule 1/1000 zai yi daidai ko kusa, kuma ya isa tsayar da doki a guje. Da wannan saitin ba ka juya komai, dannawa kawai kake yi, kuma a nan ne wannan kyamara ta fi kowace sauri.

Ƙura, zafi da laima

Littafin kyamarorin M ya ba da iyakar zafin aiki daga 0 zuwa 40 a ma'aunin Salsiyas. A Afrilu da Mayu inuwa kanta tana kai wa nan a Jigawa, balle baƙin ƙarfe a rana. Rufe ta da farin ƙyalle ko gefen babbar riga tsakanin ɗauka, kada ka bar ta a mota a rufe. A hunturu kada ka canja lensi a fili. Zaɓi ɗaya tun daga gida. In dole ne, shiga ɗaki, kashe kyamara, juya bakinta ƙasa. Ƙurar da ta shiga, robar hura iska ce maganinta, ba baki ba.

Damina ta fi zama barazana ga mai M9 da ƴan uwanta, wato M9-P, M-E ta farko da Monochrom ta 2012. Gilashin da ke rufe farantin ɗaukar hotonsu yana cin tsatsa, laima kuma tana hanzarta abin. Kamfanin ya amsa matsalar a 2014, ya fito da sabon faranti a 2015, ya taƙaita canjin kyauta a 2017, a 2020 kuma ya daina canjawa saboda an daina ƙera farantin. Don ka gwada, rufe ƙofar haske zuwa 16 ka ɗauki sararin sama ko farin bango. Ƙura tana fitowa baƙin ɗigo mai laushin gefe, kuma tana gushewa in an hura. Tsatsa tana fitowa da farin zobe kewaye da ɗigon, ba ta motsi, tana yaɗuwa. In za ka sayi M9 ta hannu, nemi takardar da ke nuna an sa mata sabon farantin, ka kuma yi gwajin a gaban mai sayarwa. A watan Agusta, musamman ga na yankin fadamar Hadejia, ajiye kyamara a robar abinci mai murfin da ke kamewa, da ƴan ƙunshin silika irin na kwalin takalmi, kana sabunta su. Jakar fata a ɗakin ƙasa tana jawo fumfuna cikin lensi.

Mai M8 kuma, in ya ga baƙar abaya ko hijabin roba sun fito ruwan hoda mai duhu ko shunayya, kada ya zargi kati ko batir. Farantinta yana ganin wani haske da idon mutum ba ya gani. Matatar UV/IR, gilashin da ke tare wannan hasken, a gaban lensi ita ce maganin, kuma a bikin da rabin mata ke cikin baƙaƙen kaya ba a fita babu ita.

In ka bi duk wannan abin bai sauya ba, kyamara tana sandarewa da kowane kati da kowane batir, ko labule yana nuna kuskure, ko layi ya ratsa kowane hoto a wuri guda, to aikin ya wuce gida. Kada ka miƙa ta ga mai gyaran waya, ko da gwani ne a fanninsa. Tura ta Wetzlar, garin kamfanin Leica a Jamus, ko wurin wani ƙwararre a waje yana iya cin watanni, don haka ka auna lokacin: bayan babbar sallah, ko cikin damina da bukukuwa ke raguwa. Ka haɗa ta da lensin da ka fi aiki da shi don a saita su tare, ka sa takarda a ciki mai bayanin abin da take yi, da lambar batir da katin da abin ya faru a kansu, da hotunan tef ɗin awon nan guda biyar.